A Rushe Tsohuwar Manhaja a Sake Sabuwa, Ko a Gyara Ta Tana Kan Aiki?

Makarantun kuɗi da dama a cikin Gombe, da kantunan magani da ƙananan asibitoci, suna aiki ne da manhajar da wani matashi ya rubuta musu shekarun baya, yawanci da yaren rubuta manhaja na PHP da rumbun bayanai na MySQL, yawanci kuma yana ajin ƙarshe a jami'a ko yana bautar ƙasa. Manhajar ta yi rawar gani. A makaranta ita ke riƙe da sunayen ɗalibai, ita ke haɗa maki ta fitar da sakamako, ita ke nuna wanda ya biya kuɗin zango da wanda ake bi. Sai dai wanda ya rubuta ta ya koma Abuja ko Legas, ba kullum ake samunsa a waya ba, kuma duk ranar da aka taɓa wani ɓangare sai wani can da ba a je kusa da shi ba ya tsaya cik. A nan ne ake kiran sabon hannu. Zai buɗe fayilolin ya yi sama ya yi ƙasa, ya girgiza kai ya ce wa mai makaranta: "Ranka ya daɗe, wannan ba ta gyaruwa. A bar ni in rubuta sabuwa tun daga tushe, wata uku ya ishe ni."

Mai makaranta bai san kod ba, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, don haka ba shi da ma'aunin da zai auna wannan magana. Shi nake wa wannan rubutu, shi da matashin da ya faɗi maganar, domin sana'armu ɗaya da matashin kuma na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Hanyoyi biyu ne a gabansu. Ko dai a ajiye tsohuwar a gina wata sabuwa fil, ranar da ta kammala a kashe waccan a kunna wannan. Ko kuma a bar tsohuwar tana aiki, a riƙa gyara cikinta gaɓa-gaɓa har ta zama abin da ake so. Ni ra'ayina a bayyane yake: a mafi yawan lokuta gyaran gaɓa-gaɓa ya fi. Amma akwai inda rushewar ce daidai, kuma zan faɗe su ba tare da rage musu ƙarfi ba.

Abin da ke jan hankali ga sabuwa ba ƙarya ba ne. Tsohon kod irin wannan yakan zo a cakuɗe: a fayil guda za ka tarar da umarnin da ke ɗauko bayanai daga rumbu, da lissafin maki, da zanen shafin da za a nuna, duk a tukunya ɗaya. Sunayen abubuwa kuwa $a da $x2 da $temp. Ga fayil mai suna result.php, ga result_new.php, ga result_new_final2.php, ba wanda ya san wanne ne ke aiki. Duk wanda ya ga haka ransa zai raya masa cewa da kayan gina manhaja irin Laravel ko Django zai yi wadda ta fi wannan tsafta nesa ba kusa ba. Zai iya kuwa. Rubuta kod ya fi karanta na wani daɗi, wannan kowa a cikinmu ya sani, kuma rabin dalilin da ya sa muke ganin aikin wasu duk shara ne ke nan.

Abin da ba ya gani shi ne abin da ke kwance a cikin munin. Ɗauki wani layi da ya ci karo da shi a shafin kuɗin makaranta, wani sharaɗi mai rassa huɗu da ba shi da kan gado a ido. Bi shi a hankali. Reshe na farko yana cewa idan ɗalibi ɗan malamin makarantar ne a cire masa rabi. Na biyu yana cewa idan yara uku ne 'yan uba ɗaya, na ukun ne ake wa ragi, amma ban da kuɗin littattafai. Na uku na marayun da wata ƙungiya ke biya wa ne, waɗanda ba a so sunansu ya fito a jerin waɗanda za a kora gida ko da kuɗin bai iso ba. Na huɗun kuwa an ƙara shi ne wata shekara da wani yaro ya shigo a tsakiyar zango na biyu, manhajar ta raba makinsa da uku ta jefa shi na ƙarshe a aji, mahaifinsa ya zo ofis ransa a ɓace. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a rubuce yake a wata takarda ba. Shi kansa mai makarantar idan ka ce ya zayyana maka dokokin kuɗinsa, biyu zai tuna. Kod ɗin nan mai muni shi kaɗai ne wurin da aka ajiye su duka. Wanda ya watsar da shi ya fara daga farar takarda zai sake koyon dokokin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma kowacce a bakin iyayen da aka ɓata wa rai zai koye ta.

Manyan kamfanoni sun sha wannan tun kafin mu. Netscape, wanda a tsakiyar shekarun 1990 shi ne babban abin shiga intanet a duniya, ya fitar da siga ta 4 a 1997. A 1998 aka yanke shawarar ajiye tsohon kod a koma kan sabon inji. Siga ta 5 ba ta taɓa fitowa ba, ta 6 kuma sai a Nuwamban 2000 ta iso, ita ma da nauyi da kurakurai. A tsakanin nan Internet Explorer na kamfanin Microsoft ya kwashe kasuwa. A watan Afrilun 2000 Joel Spolsky, wani mai rubuta manhaja, ya yi wani rubutu da ya shahara a kan wannan, inda ya ɗauki sake rubutu daga farko a matsayin mafi munin kuskuren dabara da kamfanin manhaja zai iya yi. Gaskiya dai ba wannan kaɗai ya kayar da Netscape ba, domin Microsoft yana haɗa nasa kyauta a cikin Windows. Kuma daga sabon kod ɗin ne Firefox ta fito a 2004, abu mai kyau ƙwarai. To amma kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin bai kai lokacin cin moriyarsa ba. Abin lura kuma, da masu Firefox suka tashi sabunta injinta shekaru bayan nan, ba su sake bin waccan hanya ba. Gaɓa-gaɓa suka bi: a siga ta 57 da ta fito a Nuwamban 2017 sun cire ɓangaren da ke tsara kamannin shafi suka sa sabo da aka rubuta da yaren Rust, sauran jikin yana nan yana aiki.

Akwai kuma lissafin kuɗi da ba a cika yi ba. Wata ukun da aka yi alkawari ba kasafai yake tsayawa a uku ba, domin an ƙiyasta shi ne a kan abin da ido ya gani a shafuka, ba a kan dokokin da ke ɓoye ba. A duk tsawon lokacin makaranta ba ta tsaya ba. Za a ƙara darasi, za a canza rabon maki daga talatin da saba'in zuwa arba'in da sittin, za a buɗe sashen Islamiyya mai nasa tsarin. Kowane canji sai an yi shi sau biyu, a tsohuwa don aikin yau, a sabuwa don kada ta iso a makare. Idan kuma aka ce a daina taɓa tsohuwar, to ma'aikata su ne za su koma Excel da biro har sai abin da hali ya yi. Sannan matashin yana son ya cusa duk abin da ya ga babu a ta farko: saƙon waya ga iyaye, manhajar Android, duba yatsa a bakin ƙofa. Masanin manhaja Fred Brooks ya yi gargaɗi a kan wannan ɗabi'a tun 1975, cewa tsari na biyu da mutum ke ginawa shi ne mafi haɗari, saboda a nan yake zuba duk burin da ya danne.

Hanya ta biyu ba ta da wannan armashi, kuma ba na ɓoye cewa tana da gajiyarwa. Ga yadda take tafiya idan an yi ta da kyau.

Kafin a canza ko harafi ɗaya, a ɗauki kwafin rumbun bayanai a ajiye a wuri biyu, a kuma gwada dawo da shi a wata kwamfuta don a tabbatar kwafin na gaske ne. A zuba kod ɗin a Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canje, yadda kowane canji zai kasance da rana da dalili, kuma a iya komawa baya. Daga nan sai aikin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa: a rubuta gwaje-gwajen da za su kama halin manhajar na yanzu. Ba sai an fahimci kod ɗin duka ba. A ɗauki aji guda na zangon da ya wuce, a ajiye makin da aka shigar da sakamakon da ya fito, a rubuta ɗan gwaji da PHPUnit, kayan gwada kod ɗin PHP, wanda zai ce: in an ba ka wannan, dole ka fitar da wancan. A yi haka da kuɗin makaranta, a tabbata an haɗa da ɗan malami da maraya da yaron da ya shigo a tsakiya. Daga ranar, duk gyaran da ya karya wani abu, kwamfutar mai gyara ce za ta fara sanar da shi, ba jami'in jarrabawa da tsakar dare ana gobe rabon sakamako ba.

Sai a fara tattara abin da ya warwatse. Misali ma'aunin maki irin na WAEC da makarantu da yawa ke bi: 75 zuwa sama A1, 70 zuwa 74 B2, haka har zuwa F9 a ƙasa da 40. A tsohuwar manhaja za ka iske an kwafe wannan sharaɗi a shafin malami, a takardar sakamako, a babbar takardar aji, a shafin iyaye. Wata rana an gyara uku an manta ɗaya, shi ya sa yaro yake da B2 a allo, B3 a takarda. Maganin shi ne a ciro dokar a ajiye ta a fankishin guda, wato ɗan guntun kod mai aiki ɗaya, mai suna bayyananne, kowane shafi ya riƙa tambayarsa. Doka ɗaya, mazauni ɗaya. Masu kantuna sun ɗanɗana wannan a Fabrairun 2020 da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5: wanda ya ajiye adadin a wuri guda minti kaɗan ya ɗauke shi, wanda ya watsa 0.05 a ko'ina kuwa ya kwana yana farauta, kuma ba kowane 0.05 ne na haraji ba. Tun 1972 masanin kwamfuta David Parnas ya shimfiɗa ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan: a raba manhaja bisa abubuwan da ake sa ran za su canza, kowane ɓangare ya ɓoye nasa sirrin daga sauran. Ma'aunin maki zai canza, tsarin ragi zai canza, kamfanin karɓar kuɗi zai iya canzawa daga Remita zuwa Paystack ko akasin haka. Kowannensu ya samu ɗakinsa da ƙofa guda.

Wani gwaji da nake ba kowane mai makaranta shawarar ya yi da hannunsa: ya shigar da ɗalibi mai suna Sa'idu ko Mu'azu. Idan shafin ya watse da saƙon kuskure, to ba ƙaramar magana ba ce. Alama ce cewa ana liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye a cikin umarnin rumbun bayanai, kuma wannan 'yar alamar da ke cikin sunan ta yanke umarnin biyu. Ta ƙofar da Sa'idu ya karya shafin, ta nan mai mugun nufi zai shiga ya kwashe bayanai ko ya canza maki. Na ga inda aka warware matsalar da hana ma'aikata rubuta alamar, yara suka koma Saidu da Muazu a takardunsu, ramin kuma yana nan a buɗe. Gyaran gaskiya shi ne a koma amfani da shiryayyen umarni ta PDO, hanyar PHP ta magana da rumbun bayanai, inda bayanai ke tafiya daban da umarni. Ana iya yin wannan shafi bayan shafi, a fara da shafin shiga. Haka idan ƙ da ɗ da ɓ suna komawa alamar tambaya, rumbun ne ke kan tsohon tsarin haruffa, a mayar da shi utf8mb4, tsarin da ke ɗaukar waɗannan haruffa. Kalmomin sirri da aka ajiye da MD5, tsohuwar hanyar ɓoyewa mai rauni, su ma ba sai an tayar da kowa ba: duk wanda ya shiga, a sake ajiye tasa da password_hash, wanda PHP ke da shi tun siga ta 5.5. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a Yunin 2023, sakaci da bayanan yara da na marasa lafiya ya wuce batun kunya kawai. Ka lura duk waɗannan manyan ramuka ne, amma babu wanda toshe shi ya buƙaci rushe manhajar.

Idan wani ɓangare ya lalace har ba ya karɓar faci, ana iya rubuta shi sabo shi kaɗai, a jingina shi da tsohuwar suna cin rumbu guda. Bana a ɗauke biyan kuɗi a mayar kan Laravel, sauran shafuka suna nan yadda suke. Zango mai zuwa a ɗauke sakamako. Masanin manhaja Martin Fowler ya yi wa wannan dabara suna a 2004 daga wata bishiya dangin ceɗiya da ya gani a Ostareliya, wadda ke tsirowa a jikin wata, ta sauke saiwoyi a hankali har ta tsaya da ƙafarta bayan ta cikin ta mutu. A ƙarshe za ka iya wayar gari babu layi ɗaya na tsohon kod, amma ba a taɓa yin ranar da makaranta ta rasa abin aiki ba.

Aibin wannan hanya shi ne ba ta da ranar buɗe sabon abu. Mai makaranta ya biya kuɗi, ya duba allo ya ga shafin jiya da launin jiya, sai ya fara tunanin an cuce shi. Tana kuma buƙatar haƙuri da ƙwarewar da ta fi ta rubuta sabo, domin karanta kod ɗin wani da gane nufinsa sai wanda ya goge. Haɗarinta mafi girma shi ne a tsaya a rabi, a bar manhaja rabi sabuwa rabi tsohuwa na shekaru, mai zuwa ya gaji salo biyu maimakon ɗaya. Wanda zai bi ta sai ya rubuta jerin gaɓoɓin da lokacin kowacce, ya kuma riƙa nuna wa mai biya wani amfani da zai taɓa da hannu a kowane mataki, ko da saurin buga takardun sakamako ne.

Yanzu inda rushewa ta fi. Na farko, idan babu kod ɗin kwata-kwata, abin da aka bar muku shi ne shirin da ake dannawa ya buɗe, mai shi kuma ya ɓace da asalin. Ba a gyara abin da ba a riƙe da shi. Na biyu, idan ƙasan da aka yi ginin a kai ya mutu kuma babu gada zuwa na yanzu, kamar shirin da aka rubuta da tsohon yaren Visual Basic 6 da ke zaune a kwamfuta guda a ofishin akanta alhali ana son rassa uku su yi aiki tare ta intanet, ko fuskar manhaja da aka gina da AngularJS, kayan gina shafukan intanet, wanda aka daina kula da shi a ƙarshen 2021. A nan sai a yi hattara, domin ba kowane tsufa ne mutuwa ba. PHP 5.6 an daina yi masa facin tsaro a ƙarshen 2018, kuma tsofaffin umarnin mysql an cire su tun PHP 7.0 a 2015, duk da haka akwai hanya shimfiɗaɗɗiya daga can zuwa PHP 8, har da kayan aiki irin Rector da ke rage wahalar. Haka yaren Python 2 da aka sallama a farkon 2020. Wanda ya ce maka a rushe don kawai sigar ta tsufa bai gama bincike ba. Na uku, idan manhajar ƙarama ce, shafuka kaɗan da mutum zai karance a yini biyu ya fahimci kowace doka. Na huɗu, kuma shi ne mai nauyi, idan tsarin bayanan ne ya karkace tun daga tushe. Misali an gina komai a kan cewa ɗalibi yana da aji ɗaya tak, duk shekara ana goge na bara a rubuta na bana, har ba a iya fitar da tarihin yaro daga JS1 zuwa SS3. Ko an ajiye kuɗi a matsayin adadi mai ɗigo maimakon a ƙirga shi da kwabo, jimla tana ta saɓawa da ta banki. Irin wannan karkata takan ratsa kowane shafi, kuma wani lokaci miƙe ta ya fi sabon gini tsada.

Ko an zaɓi rushewar, ranar sauyawa ita ce abin tsoro. Bankin TSB na Birtaniya ya kwashe abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari a ƙarshen mako guda a Afrilun 2018. Mutane kusan miliyan 1.9 suka shiga matsalar kaiwa ga asusunsu, shugaban bankin ya sauka a Satumbar shekarar, a Disambar 2022 kuma hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48. Banki ne mai ɗaruruwan ƙwararru. Makarantar da ke da mutum ɗaya da kwamfutar cinya ɗaya ba ta da dalilin yin irin wannan tsalle. A tafiyar da tsohuwa da sabuwa tare na zango guda cur, a shigar da maki a duka biyun, a gwada sakamakonsu ɗalibi bayan ɗalibi. Duk inda suka saɓa, ko dai sabuwar ta yi kuskure, ko an tono wata doka da aka manta. A sa kwashe bayanai a dogon hutu, ba makon jarrabawa ba. Kuma kada a yarda da maganar cewa za a sake shigar da tsofaffin bayanai da hannu daga baya. Ba za a shigar ba, kuma ɗalibin da ya gama shekara biyar da suka wuce zai dawo neman takardarsa.

Ga mai makaranta ko mai kanti da ke riƙe da shawarar, akwai abubuwan da zai tambayi duk wanda ya zo masa da tayin sabuwa, ko bai san kod ba. Ka karanta tsohuwar har ka iya lissafa mini dokokin ragin kuɗina? Idan bai iya ba, bai san abin da zai maye ba. Wane ɓangare ne takamaimai ba ya gyaruwa, kuma me ya sa? Amsar da ta tsaya a "duka" ba amsa ba ce. Wa zai kula da tsohuwar kafin taka ta iso? Sannan wadda ta fi duka: idan kai ma ka samu aiki a Abuja, me za ka bar mini da zai sa na bayanka ya iya ci gaba? Domin matashin da ya rubuta ta farko shi ma sabuwa fil ya rubuta, kuma sabuwar da aka yi ba gwaji ba tsari, shekara huɗu ta ishe ta ta koma abin da ake kuka da shi yau.

Saboda haka ko gyara aka zaɓa ko sabon gini, a rubuta a yarjejeniya cewa kod zai zauna a ma'ajiyar Git da ke ƙarƙashin asusun makarantar, ba na mai rubutawa ba. Sunan shafin intanet da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, su ma da sunan makaranta za a yi rajistarsu. Za a miƙa gwaje-gwajen tare da kod. Kuma za a bar takarda ko da shafi biyu ce da ke bayanin yadda ake kunna manhajar a sabuwar kwamfuta. Kafin a biya kason ƙarshe, a kira wani mai rubuta manhaja daban, ko daga cikin ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Jihar Gombe ko na ATBU a Bauchi, a ba shi takardar da kwamfuta wadda ba komai a kanta. In ya tayar da manhajar ba tare da ya buga wa kowa waya ba, a biya.